Shinkafar Da Ta Kwana

"Ki ajiye tiren nan don girman Allah," in ji Umma, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ga sabuwa can na dafa miki, ko tururi ba ta gama ba."

Lauya ba ta ajiye ba. Tana tsaye a bakin firij riƙe da faffaɗan tire. Shinkafar da ta dafa tun jiya tana baje a kai, ta yi sanyi ƙalau, kowace ƙwaya ta ware daga 'yar'uwarta.

"Umma, da sabuwa caɓewa take yi. Na gwada a gabanki. Ke da bakinki kika ce ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci."

"Gara ta caɓe da ki kai wa mahaifinki abincin da ya kwana. Kin manta ko wane ne shi?"

Ba ta manta ba. Babu mai mantawa a gidan nan. Baba ya tashi maraya a hannun wani kawunsa, shi da yayarsa, wadda yaran gidan ke kira Gwaggo, kuma abin da ya kwana a tukunya shi ne rabonsu, wani lokaci har ya fara yauƙi. Ranar da ya buɗe shagonsa na kayan gini ya ce shi da abincin jiya sun rabu har abada. Ya yi aure, ya haifa, ya yi furfura, bai taɓa karya maganar ba. Ba ya hana kowa cin ɗumame, ba ya kuma yarda a zubar da ko loma ɗaya. Ya taɓa sa babban ɗansa ya durƙusa ya tsince shinkafar da ya watsar a ƙasa. Amma a kan farantinsa dai, a'a.

Kuma yau farantin nan nasa ne zai yanke mata hukunci.

Lauya sunan tsokana ne da aka laƙaba mata tun tana ƙarama saboda gardama, sai ta je ta karanta shari'a ta mayar da shi gaskiya. Wanda take so kuwa kuku ne a gidan abincin 'yan Caina da ke bayan ofishinsu. Yayanta ya raɗa masa Mai-tsinke, saboda tsinken da 'yan Caina ke cin abinci da shi. Gwaggo ta ce ita dai ta ji labari har kwaɗi suke soyawa. Yaya yana da nasa gwanin da yake so ta aura, abokinsa manajan banki, mai mota da turare da dogon zance.

Ranar da aka yi zama kan maganar aurenta da Kuku, Baba bai ɗaga murya ba.

"Ba na ba da 'yata ga mutumin da ba zan iya cin abin da hannunsa ke dafawa ba. Ban san me suke zubawa ba."

"In na dafa maka irinsa a kicin ɗin gidan nan, da kayan da Umma ta gani da idonta, za ka ci?"

Ya daɗe yana kallonta. Ita ce 'yar da ke haɗa masa shayi safe da yamma tun tana 'yar makaranta. Ba ya shan na kowa, har na Umma.

"In loma ɗaya ta wuce maƙogwarona, ya turo manyansa. In ba ta wuce ba, ki rufe bakinki, magana ta mutu. Kuma daga yau har ranar, babu ke babu shi, ko a waya."

Ta riƙe sharaɗin kamar yadda take riƙe takardar kotu. Ba ta kira shi ba, ba ta ɗauki kiransa ba. Sai dai Baba bai hana ta cin abinci ba.

Ta bi gidajen abincin nan ɗaya bayan ɗaya, ita kaɗai da jakarta. Ta ci a na 'yan Caina da ke saman bene, inda mai ya yi wa komai yawa. Ta ci a wani ƙarami kusa da tashar mota, inda taliya ta fi ko'ina daɗi amma kujerun na girgiɗi. Ta shiga na 'yan Japan, mai shiru kamar ɗakin karatu, aka kawo mata ɗanyen kifi a kan dunƙulen shinkafa, ta rufe ido ta haɗiye don kada mai kawo abincin ya raina ta. Can ta gano kazar da ake gasawa tana sheƙi, mai zaƙi-zaƙi da gishiri-gishiri, da ƙwan da ake naɗewa hawa-hawa kamar tabarma. Duk inda ta je sai ta tsare su da tambaya: akwai giya a ciki, naman me ne, da wane mai aka soya. Har suka gane ta, in ta shigo su fara murmushi.

Ta dawo gida ta gwada. Ta ƙona kaza har maƙwabta suka aiko tambaya. Ƙwan ya yayyage mata ya fi a ƙirga. A hankali kazar ta zo, ƙwan ya zo. Soyayyiyar shinkafar ce kawai ta ƙi. Kullum sai ta manne ta dunƙule, Yaya ya leƙo ya ce, "Lauya, wannan da cokali ake ci ko da shebur?"

Sai wata rana ta je inda Kuku ke aiki, ta zauna a teburin da ke fuskantar tagar kicin, inda ake miƙo farantai. Ba ta gaishe shi ba, shi ma bai gaishe ta ba. Ya gan ta tana juya shinkafar da cokali, tana kallonta kamar mai duba shaida. Ya juya ya buɗe babban firij ɗinsu, ya ciro tire, ya ɗaga shi daidai tagar. Ya damƙi shinkafar da hannu, ya sake ta, ta zubo warwar kamar tsakuwa. Ya nuna bayansa da babban yatsa, alamar jiya. Sannan ya koma kan wutarsa.

A ranar ta fita ba ta gama cin abincin ba. Ta samu sirrin, ta kuma san bangon da zai kai ta ya buga.

"Lauya, ina miki magana," in ji Umma. Idanunta sun kawo ruwa. "Ki yi da sabuwar. In ta caɓe ma, yana iya tausaya miki ya ci."

"Ba tausayi nake nema ba. Cewa na yi zan dafa masa irin abin da Kuku ke dafawa. In na kai masa caɓaɓɓen abu, Yaya zai ce ga sana'ar Mai-tsinke nan. Na ci amanar mutumin da ba ya nan balle ya kare kansa."

"To shi mahaifinki fa? Shi ba amana ba ce?"

Lauya ta ajiye tiren kusa da murhu, ta fara yanka ganyen albasa.

"Ba ruɓaɓɓiya ba ce, Umma. Ba saura ba ne. Don shi na dafa, don shi na sanyaya ta. Babu bakin da ya taɓa ta."

"Wannan bayanin kotu ne, ba na gidan nan ba." Umma ta share ido da bakin mayafi. "To na ji. Amma in an tambaye ki, ki ce da asuba kika dafa. Ni zan ce na gani."

"Ba wanda zai tambaya."

"In an tambaya fa?"

Kafin ta amsa, takun sanda ya iso bakin ƙofa. Gwaggo ce. Tun jiya da yamma ta zo ta kwana, wai kada a yi abin kallo ba ta nan. Ta tsaya tana shaƙar iska tana yatsina fuska.

"Wannan warin fa? Ko an fara soya kwaɗin?"

"Man riɗi ne, Gwaggo, da citta da tafarnuwa."

"Wancan baƙin ruwan na kwalba fa, mai kama da man inji?"

"Na waken soya ne. Umma ta karanta jikin kwalbar."

"Uwarki ai ko guba kika kawo cewa za ta yi zuma ce." Idon Gwaggo ya sauka kan tiren, ya ɗan tsaya, ya wuce. "Bari in ɗauki maganin idona a firij. Jiya ma da kyar na samu inda zan ajiye shi, an cika wurin da kaya."

Ta ɗauka ta fita ba ta ƙara cewa komai ba. Umma ta dafe ƙirji.

"Ta gani," in ji ta.

Lauya ta kunna wuta ta ƙure ta. Ta ɗora kasko mai zurfi, ta jira har ya fara hayaƙi. Ta zuba mai, ta fasa ƙwai, ta watsa shinkafar jiya. Ƙwayoyin suka hau tsalle suna ƙara. Ta bi gefen kaskon da baƙin ruwan, ƙamshi ya tashi ya cika gidan har zaure.

Bayan azahar aka hallara a falo. Ba ta yi mamaki ba da ta fito da farantai ta tarar da Manaja a zaune kusa da Yaya, ya harɗe ƙafa, agogonsa na walƙiya.

"Ba a ce da baƙo ba," ta ce wa Yaya.

"Wannan ba baƙo ba ne. Kuma shi ya ci abincin nan a ƙasashen da ake yin sa. Ai shari'a sai da masani, ko ba haka kuke cewa ba?"

"Ranki ya daɗe," in ji Manaja yana murmushi. "Ni mai ba da shaida ne kawai. In ya yi daɗi zan faɗa. Amma tsakani da Allah, mace mai digiri irin naki, ki ƙare a bakin murhu saboda mai wanke tukunyar wasu?"

"Shi tukunya yake wankewa, ta kuma fita tas," ta ce. "Wasu har yau ba a san abin da suke wankewa ba."

Yaya ya taso mata. "Ke, ki iya bakinki."

"Ya isa," in ji Baba.

Yana zaune a kan dardumarsa, ya jingina da kujera, kamar kullum. Ta durƙusa ta jera masa: kazar tana sheƙi, ƙwan a yanke gunduwa-gunduwa, shinkafar a tsakiya da koren ganye a kanta. Ta ajiye cokali. Ya dubi Umma.

"Kin ga abin da aka zuba?"

"Na gani, Alhaji. Babu haram a ciki."

"Wanne ne yaron ke dafawa?"

"Shinkafar," in ji Lauya. "Sauran biyun na wani gidan ne, na 'yan Japan."

Ya ture kazar da ƙwan gefe, ya jawo shinkafar gabansa.

Lauya ta saci kallon Gwaggo. Tsohuwar ta gyara zama, ta jingine sandarta, ta buɗe baki. Tun safe take riƙe da maganar, tana jiran cokali ya tashi a gaban kowa don faɗuwar ta yi ƙara. Amma Manaja ya riga ta. Ya juyo gare ta gaba ɗaya, ya kama ba ta labarin wani gidan abinci da ya shiga a wata tafiya, inda aka kawo masa kifi yana motsi, da abin da ya ce wa mai gidan, da abin da mai gidan ya ce masa. Gwaggo ba ta son katse mutumin da take fata ya zama surukinsu. Ta yi ta gyaɗa kai, tana "to, to," idonta na kan Manaja.

Baba kuwa bai taɓa sauraron labarin kowa a kan abinci ba. Ya yi bisimilla, ya cika cokali, ya kai baki.

"Kada ka ci, ta jiya ce." Muryar Gwaggo ta tsaga labarin Manaja biyu. "Kwana ta yi a firij. Da idona na gan ta a baje kamar shanya."

Baba ya daina taunawa. Lomar tana bakinsa.

"Ba haka ba ne, Gwaggon yara," in ji Umma da sauri. "Da asuba ta..."

Baba ya ɗaga mata hannu. Ya juyo da idanunsa kan 'yarsa. Ba zai iya magana ba, amma tambayar a fili take.

Kalma ɗaya ce tsakaninta da abin da take so. Umma ta riga ta shimfiɗa mata hanya. Gwaggo idonta ba ya gani sosai, kowa ya sani, kuma Baba bai taɓa kama Lauya da ƙarya ba. In ta ce yau, zai haɗiye.

"Jiya na dafa ta, Baba," ta ce. "Haka ake yin ta. Da sabuwa ba ta yiwuwa."

"Kun ji ko?" in ji Gwaggo. "Ni na san abin da ƙanena ya ci yana ƙarami. Ni nake kankare masa saman tukunya in ba shi ƙasan. Yau 'yar cikinsa ce ta mayar da shi can saboda wani ƙato mai tsinke."

Manaja ya yi wuf ya zaro farin hankici daga aljihu, ya durƙusa ya miƙa shi daidai bakin Baba.

"Tofar a nan, Baba. Tofar kawai, ba komai, sai a yar."

Baba ya dubi hankicin. Ya dubi mai hankicin, tun daga agogo har takalmi. Sannan ya rufe ido, ya ƙarasa taunawa a hankali, kowa na kallon maƙogwaronsa, ya haɗiye.

Ya sha ruwa. Ya ajiye kofin.

"Mayar da ƙyallenka aljihu," ya ce wa Manaja. "Wanda ya san yunwa ba ya tofar da abinci a yar."

"Baba, wannan ai ba a lissafa shi," in ji Yaya. "Yaudara ce. Ba ka sani ba ka..."

"Na ce in loma ta wuce. Ta wuce ko ba ta wuce ba?"

Yaya ya sunkuyar da kai.

Lauya ta buɗe baki za ta yi godiya, sai ta ga fuskar Baba, godiyar ta maƙale.

"Ki gaya wa yaron ya turo manyansa," in ji Baba. "Ni ba na magana biyu. Amma ki amsa mini abu ɗaya. Da kika ɗora tukunyar nan jiya, kin san alkawarin da na yi wa kaina?"

"Na sani."

"Kin san kuma in ta shiga bakina ba zan iya fitar da ita ba."

"Ban shirya hakan ba, Baba. Wallahi ban..."

"Ban ce kin shirya ba. Cewa na yi kin sani."

Ta kasa musu.

"Da kin zo kin same ni jiya kin ce, Baba, abin nan ba ya yiwuwa sai da ta kwana, da mun yi magana ni da ke. Wataƙila in ƙi. Wataƙila in ce a gwada ni da kazar. Amma kika zaɓi ki yi shiru ki ajiye mini cokali." Ya miƙe yana dafa kujera. "Kin ci shari'arki, Lauya. Kin faɗi gaskiya, amma sai da loma ta shiga. Daga yau hannunki kada ya sake taɓa abin da zan ci ko zan sha."

"Alhaji," in ji Umma.

"Kada a zubar da abincin nan. A cinye shi."

Ya shige ɗakinsa ya ja ƙofa.

Gwaggo ta fashe da kuka tana kiran sunan iyayensu da suka rasu. Yaya ya ja abokinsa suka fita, a bakin ƙofa ya waiwayo.

"Kin huta. Allah ya sa Mai-tsinken ya iya zama uba, don kin sayar da naki."

Lauya ta zauna a inda take durƙushe, ta jawo farantin Baba gabanta. Ga gurbin cokali ɗaya a gefen shinkafar. Ta ɗauki wani cokalin ta fara ci, bayanta a miƙe, idonta a bushe, Gwaggo na zaginta ta gefe. Shinkafar ta yi daidai, ƙwaya-ƙwaya, da ɗan ƙamshin hayaƙin nan da ta yi ta nema. Ba ta taɓa yin wadda ta kai ta ba. Ta cinye tas, ba ta ji ɗanɗanon komai ba bayan lomar farko.

Da la'asar ta yi, ƙafafunta suka kai ta kicin da kansu. Ta ɗora ruwa, ta ɗauko kofin Baba mai ɗan tsagi a hannu, ta jefa citta da kanumfari yadda yake so. Sai da ta ɗora kofin a kan tire ta ga Umma a tsaye a bakin ƙofa.

"Kawo," in ji Umma.

"Ba ya shan naki."

"Zai koya."

"Umma, ki bar ni in kai. In ya kore ni, ya kore ni."

"Kin ji abin da ya ce. Kada ki sa ya maimaita, na biyun ya fi zafi." Umma ta karɓi kofin a hankali, ta juye shayin a wani kofi ta tura mata. "Sha naki, kada a zubar."

Ta wanke kofin Baba, ta ɗora sabon ruwa. Ta tsaya tana kallon gwangwanayen da ke kan kanta.

"Cittar nawa kike sa masa?"

Lauya ta nuna mata da yatsa, daga nesa, ba ta taɓa ba.

Wayarta ta yi ƙara a aljihu. Ta san mai kiran tun kafin ta duba. Ya san yau ce ranar, ya kuma san sharaɗin ya ƙare ko ta wace fuska. Ta fita bayan kicin, wajen igiyar shanya, ta ɗauka.

Ta ji ƙarar kasko da hayaniyar masu aiki a bayansa, sannan muryar da ta yi makonni ba ta ji ba.

"Lauya? Ya ci?"

Ta tagar kicin tana hango Umma ta ɗauki tiren ta nufi ɗakin Baba, tana tafiya a hankali kamar mai tsoron kada ya zube.

"Ya ci," ta ce.

"Alhamdu lillahi. To me ya sami muryarki? Lauya, kina ji na?"

Ta ji an ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin, ta ji an buɗe, ta ji muryar Baba yana tambaya, "Wa ya haɗa?"

Ta toshe bakinta da mayafi don kada Kuku ya ji, hawayen da ta hana Gwaggo gani suka ɓalle.